Me ya sa kalmomin ruwa a Turanci ba su kama da juna?

Ƙanwata, kin tambaya me ya haɗa hydro da aqua da ruwa, alhali Bature water yake cewa. Aro ne ya kawo haka, kamar yadda Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci.

Aqua Latinanci ce, daga ita aka sami aquarium, akwatin gilashin da ake kiwon kifi. Hydro kuwa daga Girkanci ta fito. Wutar da madatsar Kainji ke bayarwa tun 1968 hydroelectric ce, wato ƙarfin ruwa ke juya injin. Idan likita ya ce yaro mai gudawa yana da dehydration, ruwan jikinsa ne ya ƙare, shi ya sa ake hanzarta ba shi ruwan gishiri da sukari. Hydrogen ma, wata irin iskar gas, "mai haifar da ruwa" take nufi, domin in ta ƙone ruwa ke fitowa.

Mare teku ce a Latinanci, ita ta haifi marine, abin da ya shafi teku, da submarine, jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Wadda ta fi burge ni ita ce unda, wato igiyar ruwa a Latinanci, wadda ta haifi inundate da abundant. Inundate ambaliya ce, abundant kuma abin da ya cika har ya tumbatsa. Ki riƙa rubuta saiwar kowace kalma a gefen littafinki, hadda za ta yi miki sauƙi.