Eh, kana iya canza shafin da ba naka ba, kuma masana sun daɗe a kai

Ɗan uwa ka tambaya ko akwai bincike kan yadda mutum zai gyara shafin intanet ya dace da shi alhali ba shi ya gina ba. Akwai sosai wallahi, ai abin da mutane ba su gane ba shi ne da zarar shafi ya sauka a burauzarka to kwafi ne a hannunka, kana iya ɓoye talla, ka ƙara girman rubutu, ka sa maɓallin da babu, amma fa a wajenka kawai zai canza, ainihin shafin da ke sabarsu (kwamfutar da ke ajiye shi) ba ya canzawa.

Tun 2005 Aaron Boodman ya fitar da Greasemonkey a burauzar Firefox, wata ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa burauza don ka saka sikirif (ɗan rubutaccen umarni) ya canza maka shafi, a shekarar kuma aka yi Chickenfoot mai irin wannan aikin a jami'ar MIT ta Amurka, sai IBM suka zo da CoScripter inda a lokacin kake rubuta umarni kamar magana, danna nan, cike can. Wanda ya fi burge ni Wildcard ne na Geoffrey Litt da Daniel Jackson a 2020, yana kwaso bayanan shafi ya jera maka su kamar teburin Excel, kana tsara layuka shafin na bin ka, ba sai ka iya rubuta manhaja ba.

Matsalar da har yau ake fama da ita, masu shafi na taɓa tsarinsa kaɗan sai gyaranka ya watse. Fara da Tampermonkey (irin Greasemonkey ne) ko Stylus (na canza kamannin shafi), amma don Allah kar ka saka sikirif ɗin da ba ka san mai shi ba, yana iya karanta duk abin da kake rubutawa har kalmar sirrinka (fasuwod).