Fijo 504 da ke mutuwa da tsakar rana

Malam, ka ce Fijo 504 ɗinka tana tashi lafiya da safe, amma rana na takewa sai ta shaƙe ta mutu. Kada ka yi gaggawar kwance kafireta. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, fetur kan tafasa cikin bututu kusa da inji, ya koma tururi, famfon mai kuwa ba ya tura tururi. Jiƙa tsumma ka ɗora kan famfon; in ta tashi, ciwon ke nan, sai a nisanta bututun daga salansa. In ta ƙi, bari inji ya huce tukuna, ka duba matacin mai. Tsatsar tsohon tanki ce ke yawan toshe shi.