Amsa ga mai tambaya kan shiga fakin da ribas

Malama, kin ce tuƙin gaba bai dame ki ba, amma da zarar za ki shiga tsakanin motoci biyu da ribas sai hannunki ya kama rawa. Na fi shekara 19 ina tuƙi, kuma duk wanda na koya wa mota a nan yake fara tsorata. Kwantar da hankalinki.

Ki riƙe wannan: tayoyin gaba ne ke karyawa, a kan na baya motar take kewayawa. Shi ya sa matsattsen wuri ya fi shiguwa da baya, fita kuma ta zo da sauƙi tunda kina ganin gabanki. Amma in kin karya sitiyari dama, bayan motar ya yi dama, hancinta sai ya fanɗare hagu. Yawancin gogar da nake gani a nan ake yinta, ido na baya, bamban gaba ya shafi motar maƙwabci.

Ga yadda nake yi. Na ba da sigina, na bar tazarar kamar mita ɗaya da motocin da ke ajiye, na wuce gurbin, na kawar da hancin motata gefe har gurbin ya fito a madubi. Sai na sa ribas, na sunkuyar da madubin don in ga tayar baya ta wuce kusurwar motar da ke gefe. Ƙafa a kan birki in otomatik ce, rabin kuloci in mai giya ce, ba ruwana da totur. In bai yi daidai ba ki yi gaba ki gyara, ko sau uku ne. Mai hon ya yi ta yi.

Kyamarar bayan mota tana taimakawa, tun 2018 ma Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci, amma ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta dushe ta.

Abin da nake roƙonki shi ne yara. Wata Juma'a na sa ribas a ƙofar gida, madubi uku ba kowa, sai na hango silifas ƙarami ƙafa ɗaya a ƙasa. Na ja hambirki na sauka. Ɗan maƙwabcina ne, bai kai shekara 3 ba, zaune a inuwar bamba yana wasa da murfin kwalba. Wallahi har yau in na tuna jikina sanyi yake. Tun ranar sai na zagaya motar da ƙafa kafin in shiga.

Ki samu fili ranar Asabar, ki jera jarka biyu tazarar mita 3, ki yi ta shiga tsakaninsu. In hannu ya faɗa sai ki matso da su.