Amsa ga mai son biyan bashin gida kafin wa'adi

Malam, ka ce kana koyarwa a wajen Ringim, ka ci bashin gida na NHF, wato asusun gidaje na gwamnatin tarayya, kana son ka gama biya da wuri amma uwargida na kukan cefane ya ragu. Gaskiya tana da hujja.

Wannan bashin kuɗin ruwansa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adinsa kan kai shekara 30. Na san nauyin kuɗin ruwa a zuciyar Musulmi, ni ma shi ya hana ni barci. Amma kada ka taɓa kuɗin tukunya. Da kaka, fara cika rumbu da gero da dawa na shekara, ka ware na taki da na makarantar yara. Riɗi ko gyaɗar da ta rage, ita za ka sayar ka kai banki, kuma kada ka sayar lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa.

In ka kai, ka ce a cire daga uwar kuɗi, a ba ka takarda. Ni na taɓa kai kwasar adashina ban faɗa ba, aka lissafa min shi a biyan watannin gaba.

Ka zaunar da uwargida, ka nuna mata takardun. Allah ya rufa asiri.