Manhaja ta ƙi shiga ta ƙi fita: kar ka bari a yi maka fomatin

Malam, wallahi ina karanta tambayarka raina ya sosu, don abin nan ya taɓa hana ni barci. Ka ce manhajar ta daina buɗewa ka goge foldarta daga Program Files da hannu, yanzu in ka zo sake sakawa ta ce wai akwai wata a ciki, in ka je cirewa ta ce ba ta ga fayil ɗinta ba, wani sa'in kuma ta jefo maka lambar kuskure 1603 ta koma baya.

Ita Windows ba folda take dubawa ba, rajista take dubawa, wato kundin da take rubuta sunayen manhajoji da saitunansu. Kamar ɗan haya ne ya kwashe kayansa ya gudu amma sunansa na nan a littafin mai gida, to ɗakin ba za a ba wani ba. Shi ya sa take ce maka akwai wata.

Amma kafin komai, don Allah kar ka kai kwamfutarka wurin wanda bai san komai ba sai fomatin, wato goge komai a sake saka Windows. Ni abin da ya same ni kenan. C ɗina, wato ma'ajiyar da Windows ke ciki, shi ne ya cika na ba wani mai gyara ya rage min, ashe bawan Allah shiga ya yi C:\Windows\Installer ya share abin da ke ciki kaf, wai shara ce. A nan fa Windows ke ajiye fayilolin da take buƙata in za ta cire manhaja ko ta sabunta ta, kuma na kowace kwamfuta daban ne, ba a kwafo na wani a zuba. Daga ranar komai na taɓa sai 1612, wato ba ta ga inda aka sako manhajar ba. Na koma masa ya kalle ni ido cikin ido ya ce bairos ne, in bar masa zuwa gobe. Da na je karɓa na tarar da allo fes, ba komai a Desktop, ba komai a Documents, ya yi fomatin bai ko kira ni ba, ga lambata a hannunsa. Rubuce-rubucen aikina da na daɗe ina tarawa, da hotunan marigayi mahaifina da babu su ko'ina sai nan. Na tsaya ina danna folda bayan folda hannuna na rawa, shi kuma yana latsa wayarsa yana cewa "ai na ɗauka kana da bakof." Ko haƙuri bai ba ni ba, har kuɗin aiki ya nema. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna ƙirjina zafi yake yi.

To mu dawo kanka. Fara da Restart, ba Shut down ba, domin tun Windows 8 akwai Fast Startup, kashewa ba ta wanke komai kamar yadda ristat ke yi. In ka ga 1618 to wani instoleshan ne ke gudana a ɓoye, sau da yawa Windows Update ne, ka ɗan jira shi ya gama.

Dabarar da ta fi yi min aiki daga baya ita ce neman ainihin sigar da ka saka tun farko, ba sabuwa ba, ka danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi Run as administrator, in ta ba ka Repair ka yi, foldar da ka goge za ta dawo, sannan ka cire ta ta hanyar da ta dace. In ta ƙi, Microsoft na da Program Install and Uninstall troubleshooter, kyauta ne, zai jero maka manhajojin ka zaɓi mai taurin kan ya share sunanta. Bayan nan ka danna maɓallin Windows da na R tare ka rubuta %appdata%, ka duba ko da ragowar folda mai sunanta, haka %localappdata% da %programdata%, su ɓoyayyu ne shi ya sa mutane ba sa ganinsu. Ka share na %temp% ma, wanda ya ƙi goguwa ka tsallake shi.

Af, in antibairos ce manhajar duk wannan ba zai ishe ka ba, suna dasa direbobi, wato ƙananan manhajoji masu aiki a ƙarƙashin Windows, can ciki, je shafin kamfanin ka sauke abin cirewa nasu. Kuma in kirak ce ka saka, wato manhajar sata da aka fasa, gaskiya ni ba ruwana, irinsu ba a san me suka shuka ba.

Rajista kuwa ka bar ta ƙarshe. Sunayen suna ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Uninstall, na 32-bit a kwamfuta mai 64-bit kuma sai ka bi ta WOW6432Node. Yi restore point tukuna, wato wurin da za ka iya mayar da Windows in abu ya lalace, ka yi Export, wato ka ajiye kwafin abin da za ka taɓa. Waɗannan manhajojin masu cewa za su wanke maka rajista gaba ɗaya da danni guda ni ban yarda da su ba ko kaɗan.

Shi 1603 ba ya faɗin komai, cewa kawai yake abu ya lalace. In fayil ɗinka .msi ne, buɗe Command Prompt a matsayin admin a foldar da yake ka rubuta msiexec /i sunanfayil.msi /L*V log.txt, in ya faɗi ka buɗe log.txt ka nemo Return value 3, layukan da ke samansa su ne ke faɗin ainihin ciwon. Turo mana su tare da sunan manhajar da Windows ɗin da kake kai mu duba. Amma yau ɗin nan, kafin ka taɓa komai, kwafe fayilolinka a filash.