Amsa ga Alhajin da adaidaita ta daki bayan motarsa ta lantarki

Alhaji, Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar da alheri. Tunda ba a rasa rai ba, ba wanda ya karye, a gode wa Allah. Ka ce mai adaidaita ya daki bayan Tesla Model Y ɗinka a wajen Wadata a nan Yamai, bamba ta fashe, ƙofar but ta lotsa, gefen hagu saman taya ya shige ciki. Toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya ce jika ɗari uku na sefa ta ishe shi ya mayar da ita sabuwa, wani kuma ya ce sai an yi odar kaya daga Dubai, ya yanka maka miliyan huɗu. Kana tambaya wane ne a cikinsu yake son cutar ka. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, don hanyar nan na bi ta, kuma ban fito da daɗi ba.

Mai yiwuwa ba wanda ke son cutar ka. Abin da na tabbata shi ne dukansu biyu sun yanka kuɗi ba su leƙa ƙarƙashinta ba, alhali kuɗin gyaran irin waɗannan motoci a can ƙasa yake, inda ido bai gani. Don Allah kar ka bari kowa ya kusance ta da guduma ko wutar walda tukuna. Gefen da ka ce ya shige, hagu ta baya, nan ne ramin cajin Tesla yake, jikin fitilar baya. Daga nan manyan wayoyin nan masu ruwan lemu suke bi su shiga batir, kuma wutar batirin ta kai kusan bolt 400. Yaron toliye da ya saba zura hannu a cikin Corolla bai san wannan ba.

Tawa motar lantarkin ta Jamus ce, hannu na biyu, daga Lome na sayo ta. A hanyar Filinge wata tsohuwar motar itace ta yanko wa direbana ba sigina ba komai. Fitilar gaba ta hagu ta tarwatse, bamba ta tsage, kafo, wato murfin gaba, ya ɗage, jakar iska ta fashe. Da ka gan ta sai ka ce aikin sati guda ne. Amma ta mutu murus a tsakiyar titi, ko motsi. Daga baya wani ya yi mini bayani: akwai wani fis da ke fashewa da kansa ya yanke wutar babban batir da zarar jakar iska ta tashi, don kada mutum ya mutu da wuta. Abu ne mai kyau, amma in ya fashe sai an sa sabo, kuma sai an share bayanin hatsarin a kwamfutar motar kafin ta yarda ta tashi. Samari suka taru da igiya za su ja ta. Na hana. Irin wannan ba a jan ta tayoyi a ƙasa, don in taya na juyawa injin yana haifar da wutar lantarki, sai ka ƙone abin da hatsarin bai taɓa ba. Sai da aka nemo babbar mota mai shimfiɗa aka ɗora ta. Kai taka tana tafiya, ka ci sa'a, amma ka riƙe wannan a ranka.

To, ga inda zuciyata ke tafasa har gobe. Surukina ne ya haɗa ni da wani toliye, ya ce ya yi aiki a Libiya, ya gyara motocin manya, babu ƙarfen da ke gagarar sa. Ya zagaya motar yana tafa ta da hannu, yana murmushi, yana ta "Alhaji, wannan ai ba komai ba ne, ka je ka kwanta." Ya karɓi kafin alƙalami mai kauri. Na ja masa kunne a gaban shaidu cewa kafon nan da gefen taya alminiyam ne, kar a sa musu wuta. Ya ce ya sani, har ya nuna kamar na raina shi.

Ran da na koma, tun daga bakin garaji na ji ƙauri. Na tarar da kafona a ƙasa a kan tsohuwar taya, da rami a tsakiyarsa wanda hannuna zai shige, bakin ramin ya narke ya zubo ya daskare. Yaransa sun yi tsit, kowa na kallon ƙasa. Shi kuwa yana zaune a kan benci yana shan shayi, ya ɗago ya ce mini wai "ƙarfen Turawan nan ba shi da ƙwari." Ba haƙuri, ba komai. Alhaji, ni da na haura hamsin, sai da na koma bayan wata mota na tsaya don kada yara su ga idona. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako ya ga masu zubin tukwane suna narkar da alminiyam da gawayi kawai. Yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai wajen 1,500. Ƙarfe in ya yi zafi yana yin ja ya gargaɗe ka, alminiyam ba ya canza launi, kana cikin gasa shi sai dai ka ga ya zube. Mutumin da ya ce ya gyara motocin manya bai san abin da mai tukunya ya sani ba. Kuma su masu ƙera motocin, wurare da yawa ba walda suke yi ba, gam ne na musamman da ƙusoshin matsi, har kayan aikin alminiyam daban suke ajiyewa, don ƙurar baƙin ƙarfe in ta shiga jikinsa tana cin sa a hankali ƙarƙashin fenti.

Bai tsaya nan ba. Ya daina ɗaukar wayata. In na je, ya tafi jana'iza, in na dawo, ya tafi suna. Motar na zaune a rana, kuma lokacin bazara ne, zafin Afrilun nan da ka sani. Ƙaramin batirin nan mai bolt 12 ya mutu, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, yara suka sa sukuddireba suka ɓalle mini hannun ƙofa, abin da hatsarin bai taɓa ba. Babban batir na ta zuƙewa ba mai caji. Akuyar maƙwabta ta mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. Abokai a majalisa kuwa sun samu abin yi, da na zauna sai "Alhaji, ina jirgin naka?" Ina dariya amma Allah kaɗai Ya san abin da ke raina. Da na ce zan kai ƙara, surukin nan nawa ya zo da dattawa, aka ce a bar wa Allah. Na bari. Kuɗina dai bai dawo ba, kuma mutumin har yau garajinsa a buɗe, ina wucewa yana ɗaga mini hannu.

Bari na dawo kan taka. Ka nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, ka bi jikin motar da shi. Inda ya kama, baƙin ƙarfe ne, toliye mai hankali zai iya ciro lotsawar. Inda ya ƙi kamawa, kar a gasa. Sannan a ɗaga ta sama, a cire robar ƙasa da ta cikin but, ka shiga da tocila da kanka. Tun wajen 2020 Tesla ta fara zuba ƙashin bayan Model Y a matsayin guntu ɗaya na alminiyam, a madadin ƙananan ƙarafa kusan 70 da ake haɗawa a da. Ya sauƙaƙa musu ƙira, amma in abin nan ya tsage ba aikin guduma ba ne. In lafiyarsa lau, ba tsaga, wayoyin caji ba su kurje ba, kwandon batir bai lotsa ba, ba ruwan sanyaya batir da ke ɗiga, to maganar toliye ta fi kusa da gaskiya, sai dai ka ƙara kuɗin bamba da fitila da ƴan na'urorin da ke cikinta. In kuwa ya tsage, miliyan huɗun ma wasa ne.

Kar ka ce mu ne kawai ake yi wa haka don muna Yamai. A Amurka, a 2023, an daki bayan wata motar lantarki ƙirar Rivian a jihar Ohio, bugun da bai kai ya kawo ba, kuɗin gyara ya tashi wajen dalar Amurka 42,000, kusan miliyan 25 na sefa, saboda gefen bayan a haɗe yake da ɓangaren rufi, sai an warware rabin mota kafin a canza shi. Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda ya yi shelar odar Tesla 100,000 a 2021, a Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000, kuma tsadar gyaran hatsari na cikin dalilan da ya bayar. Su da kayan gyara ke bakin ƙofarsu kenan.

Mu kuwa ga hanya. Tunda aka rufe iyakar Benin a 2023, babban kaya sai ta Lome, ya ratso Burkina, ya jira ayarin da sojoji ke rakowa. Ƙofar but ko kafo in ka ce jirgi zai kawo, girmansa ake auna maka, ga duwan, wato kwastan, na jira. Batir kuwa ka roƙi Allah kar ya kai ga haka: ya kai rabin tan, jiragen fasinja ba sa ɗaukar irinsa a matsayin kaya, kuma shi kaɗai yana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin motar gaba ɗaya.

In za ka yi oda, lambar shasi za ka aika, duka 17 ɗin, kar ka yarda da "iri ɗaya ne". Fitilar da wani dillali ya fara turo mini daga kasuwar tsofaffin kaya ta Sharja, kusa da Dubai, ta motar masu tuƙi a hannun dama ce, haskenta na kallon idon mai tahowa. Ta biyu ta zauna daidai amma ta ƙi kamawa, don sai an gabatar da ita ga kwamfutar motar, sai da aka samu wani yaro mai na'ura ya haɗa ta intanet da wani a waje, shi ma da kuɗinsa. Fitila ɗaya ta ci mini abin da zai sayi babura biyu. Kamara da na'urorin auna tazara ma in an taɓa su sai an sake saita su, in ba haka ba mota ta dinga taka birki ita kaɗai ko ta dame ka da ƙara ba dalili.

Ba ka faɗi maganar inshora ba. An yi konsta, wato takardar bayanin yadda hatsarin ya auku? In ba a yi ba, ka yi asara babba. Yawancinmu ta dole kawai muke yanka, wadda dokar inshora ta ƙasashen sefa, wato CIMA, ta wajabta, ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba taka ba. Ni ta mai motar itacen na bi. Gwanin da kamfaninsu ya turo ya zo da littafinsa, ya ƙiyasta mini fitila kamar ta kowace mota, ya zaftare kuɗin tsufa, abin da ya rage ko duwan bai biya ba. Na yi ta sintiri da faktir, wato takardun lissafin gyara, a hannu har masu gadi suka san ni. Ka nemi kowane mai gyara ya rubuta maka lissafinsa dalla-dalla, kaya daban, aiki daban, da hatimi, kafin gwanin ya zo. In kuma mai adaidaitan nan ba shi da takarda, wanda shi na fi zato, don girman Allah kar ka sa a kulle shi. Ko an sayar da shi da kekensa ba za su sayi ƙofar but ɗinka ba, sai dai ka ɗauki alhakin iyalinsa.

Af, wani abu da ya kamata na fara da shi. Kafin a duba batirin, kar ka kwana da ita a garejin cikin gida, balle kusa da ɗakin yara. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka cewa take a ajiye motar lantarki da batirinta ya bugu nesa da gini da sauran motoci kamar mita 15, don wuta na iya tashi bayan kwanaki, kuma kashe ta sai ruwa mai yawan gaske. In ka ji wani baƙon wari, ko ƙara kamar tsaki daga ƙasa, ko allo ya nuna gargaɗin batir, ka fitar da kowa. Kar ka sa ta caji har sai an duba ramin cajin nan. Mai fenti ma ka gaya masa kar ya gasa ta da zafi mai yawa da batir a jiki.

Wasu a nan za su ce wa ya aike mu, ga fetur da aka rage zuwa sefa 499 lita a 2024, ga wutar da ke zuwa tana tafiya. Ni dai motar ta dawo kan titi, ina cajin ta da faranti masu hasken rana a gida, kuma har yanzu in na shige ta ba na son fita. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk yawanmu masu irin motocin nan mun kasa haɗa kuɗi mu tura yaro ɗaya mai ƙwaƙwalwa ya koyo aikin nan yadda ya kamata, mu saya masa safar hannu da na'urar gwaji. Kowa sai tasa ta lalace yake neman ɗan'uwa.

Ka kuma binciki tarihinta da lambar shasin, don da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka motocin gwanjon hatsari ne da aka gyara a hanya, kana iya tarar da tsohon ciwo a ƙarƙashin sabon. Ka ɗauko hotunan ƙarƙashin da na cikin but bayan an cire roba, ka sa mana a nan mu gani. Kuma ko sisi kar ka ba kowa a cikin su biyun sai an ɗaga motar a gabanka.