Waƙar da ka ji a Wembley ba taken Ingila ba ce

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce an yi musu a gidan kallon ƙwallon unguwarku kan waƙar nan da 'yan Ingila ke ɓarkewa da ita in an tashi wasa, wasu na cewa taken ƙasarsu ne, wasu na cewa ta coci ce, kuma kana son jin ko mu Hausawan Manchester muna sa baki. To, duk cikinsu babu wanda ya canka. Waƙar soyayya ce, sunanta Sweet Caroline, mai ita ma ba ɗan Ingila ba ne. Ba'amurke ne, Neil Diamond, haifaffen Brooklyn a birnin New York, ya naɗe ta a Memphis ya fitar a 1969. Ko kalma ɗaya ta ƙwallo babu a cikinta.

Wace ce Caroline ɗin? Nan ne mai waƙar ya yi baki biyu. Shekara kusan 40 ya ja bakinsa ya tsuke, sai a 2007 ya ce hoton Caroline Kennedy ya taɓa gani a mujalla, 'yar marigayi Shugaba John Kennedy, tana ƙarama tare da dokinta, sunan ya zauna masa a rai. A shekarar ma ya rera mata ita lokacin da ta cika 50. Jama'a suka karɓi labarin hannu bibbiyu, don Amurkawa ba sa gajiya da zancen gidan Kennedy. Amma masu tsinkaye suka ce ai yarinyar shekararta 11 lokacin da waƙar ta fito, ga kuma baiti na maganar hannu yana taɓa hannu, anya? Sai a 2014 ya sake zance, ya ce Marcia, matarsa ta da, ya yi wa, sunanta ne bai hau kan karin ba, yana neman mai gaɓa uku. Ni dai na fi gaskata na biyun. Wanda ya san mawaƙa ya san kari ne ke juya su, kuma ba abin mamaki ba ne a ce zuciya na wurin wata, suna kuma an aro na wata.

Yadda ta shahara a filin wasa kuwa, daga Boston ne. A filin Fenway na ƙungiyar Red Sox, masu wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, aka fara sa ta a 1997, daga 2002 ta zama dole a kowane wasan gida. Bayan harin bam na tseren Boston a watan Afrilun 2013, Diamond da kansa ya je filin ya rera. A nan Birtaniya magoya bayan Ireland ta Arewa sun daɗe da ita, har yau suna ƙorafin an yi musu ƙwace. Ingila ta rungume ta ne ranar 29 ga Yunin 2021, da Sterling da Kane suka zura wa Jamus biyu a filin Wembley na London, mai sa kiɗan filin ya saki waƙar, 'yan wasa da 'yan kallo suka ɗauka. Matan Ingila ma da ita suka yi murnar kofin Turai a 2022.

Ga abin da ba lallai ka lura da shi a talabijin ba. Wurin da aka fi ƙara, mai waƙar bai rubuta shi ba. A faifan asali busa ce take tashi sau uku bayan sunan, sai taro ya mayar da ita ta baki, sannan ya ƙara nasa ihun sau uku a ƙarshen layi na gaba. Kamar dai 'yan amshi ne suka fi ƙarfin mawaƙinsu. Shi ya sa wanda bai haddace baiti ko ɗaya ba yake iya shiga.

Mu kuwa ba ma zuwa mashaya kallo, can ne kuwa aka fi yin ta. A falon ɗayanmu muke haɗuwa, a dafa shayi, a yi odar tsire. Akwai wani dattijonmu, mutumin Katsina, da zarar an busa tashi yake lalubo rimot ya kashe sauti, ya ce ƙwallo ya zo kallo, ba kiɗa ba. Yara kuwa da ke zube a kan kafet suna kallon bakin mutane a allo, lokaci na yi sai su cike gurbin da kansu, bam bam bam, shi kuma ya harare su ta saman tabarau. A makaranta suka koya, da motar da ke kai su yawon buɗe ido.

Manyanmu ra'ayi ya rabu. Akwai masu gudun kiɗa ɗungurungum, akwai masu cewa abin ƙi shi ne giya da rungume-rungumen maza da mata da ke biyo baya, amshin kansa ba ya cizo. Ni ina cikin na biyu. A walimar wurin aiki in aka sa ta nakan tafa, in kuma aka fara kama kafaɗa sai in koma kusa da teburin lemo. A bikinmu ko suna ba za ka ji ta ba, nan waƙoƙin gida ne ke tashi har a kwashe kujeru.